Tayar Baya a Babur Mai Caji: Wacce Ta Dace da Jan Ƙasar Zazzau?

Baburan daji masu caji, irin su Sur-Ron da Talaria da ake ƙerawa a birnin Chongqing na ƙasar Sin, ba su yi yawa a Zariya ba tukuna. Amma duk wanda ya mallaki ɗaya, idan aka ɗauke batun caji, abin da zai fara cin kuɗinsa shi ne tayar baya. Ta gaba takan daɗe ba ta nuna gajiya ba. Ta baya kuwa kafin a ankara ta suɗe. Sai mutum ya shiga neman sabuwa, idonsa ya tsaya a kan wadda ta fi faɗi da manyan haƙora, domin ita ce ta yi kama da ta 'yan tseren da yake gani a bidiyo. A ganina a nan kuɗin mutane ke salwanta. Waccan tayar an yi ta ne don wata ƙasa daban da wani babur daban, kuma babur mai caji ba ya yafe nauyin banza.

Sai an fahimci yadda wannan babur ke cin taya kafin a san abin da za a saya masa. Injin fetur sai ya ɗauki wuta kafin ƙarfinsa ya fito, sannan ga kuloci a hannun hagu, wanda gwani ke sassautawa yana tsakuro ƙarfin kaɗan-kaɗan gwargwadon abin da ƙasa za ta ɗauka. Injin lantarki ba haka yake ba. Tun babur yana tsaye cik ƙarfin juyinsa ya cika, ana murɗa totur zai sauke shi a kan taya gaba ɗaya. Sur-Ron Light Bee ba shi da kuloci, ba shi da giya. Daga inji sai bel, daga bel sai sarƙa, daga sarƙa sai taya. Saboda haka tsakanin hannun mahayi da ƙasa babu mai shiga tsakani face robar nan. Idan ba ta kama ba, sai ta yi ta juyi a wuri ɗaya tana watsa ƙura, haƙoranta na gogewa, batir na zuba a banza. Sannan idan an kunna tsarin da ke maida caji cikin batir lokacin da aka saki totur, wannan riƙewar ma a kan tayar baya take sauka. Tana cin wuya a tashi, tana cin wuya a tsayawa.

Ga kuma rashin nauyi. Light Bee bai fi kilo hamsin da 'yan kai ba, alhali babur ɗin tsere na fetur mai cc 250 ya haura kilo ɗari. Tayar da aka yi wa babban babur gefenta yana da tauri, domin an gina ta ne ta ɗauki wancan nauyin tana dira daga sama. Idan aka ɗora ta a ƙaramin babur, babu abin da zai danne ta har ta baje a ƙasa. Sai ta riƙa tsalle a kan tsakuwa maimakon ta lanƙwasa ta rungume ta. Mutum ya biya kuɗin riƙo mai kyau, ya samu akasinsa.

Nauyin taya kuma ba kamar nauyin kaya a kan kujera ba ne. Abin da ke can bakin wili sai inji ya tura shi gaba kuma ya juya shi, don haka kilo ɗaya a wurin yana cin ƙarfin da ya kusa na kilo biyu a duk lokacin da aka tashi. Batirin Light Bee mai bolt 60 ne, abin da yake ɗauka bai wuce kilowat-awa biyu da ɗan ɗoriya ba. Mai babur ɗin fetur idan taya ta ƙara masa shan mai, sai ya tsaya a bakin hanya ya ƙara lita ɗaya ya wuce. Mai caji kuwa sai ya koma gida ya jira awoyi, in an kawo wuta ke nan. Duk wanda ke zaune a Tudun Wada ko Samaru ya san darajar awa uku na wuta. Shi ya sa nake cewa zaɓen tayar baya a wannan babur rabinsa lissafin batir ne.

Yanzu mu karanta rubutun da ke gefen taya, domin mutane da yawa suna saye ba su duba shi ba. Light Bee yana zuwa da 70/100-19 gaba da baya. Lamba ta farko faɗin taya ce, milimita 70. Ta biyu tsayin gefenta ne, kashi 100 cikin 100 na faɗin, wato shi ma milimita 70. Ta uku girman rim ne, inci 19. Wasu tayoyin da inci ake rubuta faɗinsu, kamar 2.75-19, wadda kusan daidai take da waccan.

Akwai wani abu game da wannan girman da ya kamata mai saye ya sani. A duniyar baburan tsere, 70/100-19 girman tayar gaba ne. Shi ake sa wa ƙananan baburan matasa masu cc 85 a gaba, a bayansu kuma a sa 90/100-16. To idan ka je neman 70/100-19 a wurin manyan kamfanoni irin su Dunlop ko Michelin ko Pirelli, yawanci abin da za ka samu zanen tayar gaba ne. Ita kuma tayar gaba an jera haƙoranta ne don kwana da birki. Ta baya ce ake yi wa haƙora masu faɗi a kwance, a gicciye, don su tokari ƙasa su tura babur. Tayar gaba za ta shiga rim ɗin baya lafiya lau, za ta yi tafiya, amma a hawan tudu za ka ji tana sulɓewa, kuma ba za ta daɗe ba.

Daga nan hanya ta rabu. Mafi sauƙi ita ce a bar rim ɗin yadda yake, a nemi 80/100-19 mai zanen baya. Tsayinta gaba ɗaya kusan milimita 643 ne, ta asali kuma 623. Bambancin kashi uku cikin ɗari ne, don haka babur zai ɗan rage fizga a tashi ya ɗan ƙara gudu a ƙarshe, abin da ba kowa zai lura da shi ba. Sai dai a duba tazarar da ke tsakaninta da sarƙa da ƙarfen da ke riƙe da wili, kuma a tuna cewa taɓo zai maƙale a wurin ya cinye tazarar. Rim ɗin asali siriri ne, inci 1.4, kuma idan aka matsa masa taya mai faɗi fiye da kima sai ta tattare ta yi tsini a tsakiya, wurin da ke taɓa ƙasa ya ragu maimakon ya ƙaru.

Hanya ta biyu ita ce a sauya wilin baya ɗungurungum zuwa inci 16 mai faɗin 1.85, a sa 90/100-16. Wannan ya fi tsada, amma a nan ake samun tayar baya ta gaskiya, kuma kusan kowane babban kamfani yana yin ta. Tsayinta milimita 586 ne, wato ta gaza ta asali da kusan kashi shida cikin ɗari. Babur zai ƙara fizga, gudunsa na ƙarshe ya ragu, agogon gudu kuma ya riƙa nuna fiye da gaskiya tunda daga juyin inji yake lissafi. Abin da na fi so a cikinta shi ne gefenta mai tsayin milimita 90. Wannan ƙarin robar da iskar su ke kare rim idan aka daki bakin dutse. Lahaninta nauyi, ta fi ta asali nauyi sosai, kuma batir zai shaida hakan.

Akwai masu zuwa inci 18 a baya da 21 a gaba. Abin da ya sa ban raina wannan ba a garinmu shi ne samuwa. Baburan gari, na 'yan acaɓa da na ma'aikata, yawancinsu inci 17 ne ko 18. Bajaj Boxer 17 ne, masu tsarin Honda CG kuma 18. Idan tub ya fashe maka a wajen Giwa ko Dakace, na inci 18 za a iya samo maka a kusa, na 19 ko 16 kuwa sai an wahala. Amma kada a ruɗu da 110/100-18 ta manyan babura. Ba za ta shiga ba, in ma ta shiga ta kashe babur ɗin. Manyan masu caji kamar Ultra Bee mai kusan kilo 85, ko Stark Varg na ƙasar Sifen mai ƙarfin doki 80, lissafinsu daban ne, sun fi kusa da na fetur. Idan sauyin wili ya sa babur ya yi sanyi a tashi, ana gyarawa da faifan sarƙa na baya, daga mai haƙora 48 na asali zuwa 54, sai dai gudu ya ragu.

Duk wannan girma ne kawai. Ainihin tambayar ita ce, wace ƙasa tayar za ta taka?

Kamfanoni suna raba tayoyin daji gida uku: ta ƙasa mai laushi, ta tsaka-tsaki, da ta ƙasa mai tauri. Dunlop misali, MX14 ta yashi da taɓo ce, MX34 daga laushi zuwa tsaka-tsaki, MX53 kuma daga tsaka-tsaki zuwa tauri. A nan akwai abin da ke rikita mutane. Tayar ƙasa mai laushi robarta ce mai tauri, haƙoranta dogaye, da tazara mai yawa a tsakaninsu, domin su nutse cikin taɓo su tona, kuma taɓon ya fita da kansa idan taya ta juya. Tayar ƙasa mai tauri kuwa robarta ta fi laushi, haƙoranta gajeru ne a matse, domin babu abin da za a tona, sai dai a shimfiɗa roba mai yawa a kan ƙasa ta manne.

To mu dubi ƙasarmu. Damina a Zariya daga wajen Mayu take zuwa farkon Oktoba, ta fi ƙarfi a Agusta. Sauran shekara, fiye da rabinta, jan ƙasa ce da marmara da rana ta gasa har ta koma kamar daɓen ɗaki, da ɗan garin ƙura da ƙananan tsakuwa a samanta. Hanyoyin burji da ke shiga ƙauyukan Shika da Bomo, da turbobin gona bayan an yi girbi, duk haka suke tun daga hunturu har bazara. A irin wannan ƙasa dogon haƙori ba ya samun wurin nutsewa. Yana tsayawa ne a kan ƙafarsa, ya lanƙwashe idan an murɗa totur, babur ya riƙa rawa a kwana. Ka tsuguna ka dubi irin wannan tayar bayan 'yan makonni a jan ƙasa: bakin haƙoran tsakiya, ɓangaren da ke fara dukan ƙasa, ya goge ya yi kwana, a gindinsu kuma ga ƙananan tsaga sun fara fitowa. Idan aka ci gaba, sai ka tarar haƙori ya tsinke ɗungurungum ya bar tabo fari-fari inda zaren ciki ya leƙo. Ba jabu aka sayar maka ba. Tayar taɓo ce aka kai ta inda ba nata ba.

Kuma kada mu manta kwalta. Ba wanda ke buɗe ƙofar gidansa ya faɗa daji. Wanda ke Sabon Gari yana son zuwa Kufena sai ya ratsa gari ya bi ta Wusasa, kuma a zafin Maris da Afrilu kwaltar nan tana cin dogayen haƙora fiye da yadda daji ke ci. Suna lanƙwasa suna miƙewa ɗaruruwan sau a minti, suna ɗaukar zafi, kuma wannan zafin daga batir ya fito. Yawancin tayoyin tsere za ka ga an buga musu haruffan NHS a gefe, ma'ana ba a yi su don titin mota ba. A kwalta mai ruwa santsinsu ba na wasa ba ne.

Ba na cewa tayar taɓo ba ta da wuri. Wanda gonarsa ke fadamar Galma ko gefen Kubanni, yana shiga cikin Agusta, ya san laka mai danƙo da ke cika tsakanin haƙora har taya ta koma sumul. A can tayar ƙasa mai tauri ba ta da amfani ko kaɗan, mita kaɗan za ta toshe. Haka ma yashin cikin rafi idan ruwa ya janye. Amma wata nawa ne wannan a shekara, kuma kashi nawa ne na tafiyarsa? Mai hali ya ajiye taya biyu, ya sauya idan ruwa ya sauka sosai, ya sake sauyawa da kaka. Wanda taya ɗaya zai iya saya, ni dai shawarata ya ɗauki ta tsaka-tsaki mai karkata zuwa tauri, ya haƙura da 'yan makonnin da za ta ba shi wahala a taɓo.

Akwai wani nau'in da ya cancanci a ambata saboda duwatsunmu, wato tayar masu wasan hawa dutse a hankali, irin Shinko 241 da ake samu a 2.75-19. Haƙoranta ƙananan murabba'ai ne a matse, robarta da laushi. A kan falalen dutse irin na Kufena riƙonta abin mamaki ne, ba ta da nauyi, ba ta ƙara a kwalta, kuma ba ta tona hanya. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne a wurina. Turbobin nan na manoma ne da mata masu ɗauko itace, kuma tayar da ke haƙa rami a duk inda ta tashi tana buɗe wa ruwan damina hanyar zaizaya. Raunin wannan tayar taɓo ne da kwana cikin gudu a kan tsakuwa. Ga mai yawan zirga-zirga a gari da burji, wanda ba tsere ya sa a gaba ba, ita ko tayar da aka yi don rabi kwalta rabi daji ta fi masa kowace tayar tsere.

Ko an dace da taya, iska na iya lalata komai. Mai faci ya saba da baburan da ke ɗaukar mutum biyu da buhun masara, don haka hannunsa ya saba da psi 30 zuwa sama, psi kuwa shi ne ma'aunin iskar taya. Idan ya latsa tayarka da babban yatsa ya ji ta lotsa, zai ɗago ya ce, "Oga, ai wannan ba iska a ciki." Ba laifinsa ba ne, gaskiyarsa ce a irin baburan da ya sani. Sai ka ce masa, "Malam, bar ta a haka, ga geji mu auna." Baburan daji tsakanin psi 12 da 15 suke tafiya a ƙasa, a ƙara kaɗan idan duwatsu sun yi yawa ko tafiyar kwalta ce. Geji ɗin ma a nemi mai auna ƙaramar iska, domin na mota ba ya bambance 12 da 15 da kyau. A auna da safe kafin a hau. Daga sanyin asubar hunturu zuwa zafin azahar iskar cikin taya na iya ƙaruwa da kusan psi biyu, kuma biyu a kan sha uku ba kaɗan ba ne.

Rage iska yana da nasa haɗarin, kuma a babur mai caji ya fi tsanani. Saboda fizgar nan ta farko, taya takan zame a jikin rim kaɗan-kaɗan, ta ja tub tare da ita. Alamarsa a bayyane take ga mai dubawa: bawul ɗin da ya kamata ya tsaya a miƙe sai ka ga ya karkace gefe ɗaya. Idan aka ƙyale shi, rana ɗaya zai tsinke daga gindi, iska ta fice lokaci guda, kuma wannan ba ya facuwa. Maganinsa makullin rim, ɗan ƙarfe mai rufin roba da ake sakawa ta ciki, a ɗaure shi da noti ta waje, ya danne bakin taya a jikin rim. Notin bawul kuma kada a ɗaure shi tamau a jikin rim. A bar shi sama kusa da murfi, domin bawul ya samu damar karkacewa ya ba da sanarwa kafin ya tsinke.

Sai ƙaya. Bagaruwa, aduwa, da kututturen karan dawa da aka sare a karkace bayan girbi, duk suna jiran tub siriri. Tub mai kaurin milimita uku ya fi na asali juriya, musamman ga cizon da rim ke yi masa idan aka daki dutse, wanda ke barin huda biyu a jere. Mai milimita huɗu ya fi ƙarfi, amma ga ƙaramin babur nauyinsa ya yi yawa a ganina. Ruwan toshe huda da ake ɗurawa ta bawul yana maganin ƙananan ƙayoyi. Akwai kuma soson roba da ake cusawa a maimakon tub, wanda Michelin ya shahara da shi, ba ya faci ko kaɗan. Sai dai zafi ne makashinsa, doguwar tafiya a kwalta tana narkar da shi ta ciki, ga nauyi ga tsada. A yanayinmu ban ga ribarsa ba sai ga ɗan tsere.

Wajen saye, a duba lambobi huɗu da ke cikin ɗan zobe a gefen taya. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan an rubuta 1422, an yi ta a mako na 14 na shekarar 2022. Tunda wannan girman ba ya tafiya da sauri a kasuwa, taya na iya shekaru a shago tana shan zafi, roba ta bushe alhali haƙoranta cif suke kamar jiya aka yi ta. Ka danna farcenka a jikin haƙori, in bai shiga ba ko kaɗan, ka bar ta. 'Yar gwanjo ma haka. Akwai kuma lambar nauyi, kamar 42M, inda 42 ke nufin tayar za ta ɗauki kilo 150, shi ma sai da cikakkiyar iska. Babur da mahayi sun riga sun cinye kaso mai yawa daga ciki, don haka goyo a kan tayar da aka rage wa iska neman fashewa ne.

Lokacin sauyawa kuma ba sai haƙora sun ƙare ba. Riƙon tayar daji a kaifin bakin haƙori yake, idan ya goge ya yi kwana, rabin aikinta ya tafi ko da tsayin yana nan. Idan babu kibiya a gefenta mai nuna inda za ta riƙa juyawa, ana iya cire ta a juya ta, ɗaya bakin da bai goge ba ya dawo gaba, a ƙara samun wasu makonni a kanta. Mai kibiya kuwa ba a juya ta, sai dai a nemi sabuwa, kuma gara a yi odar tun bakin ya fara gogewa, domin wannan girman yakan ɗauki lokaci kafin ya iso Zariya.